-O0, -Os ko -O2: Wanne Za Ka Zaɓa wa Shirin Kalkuletarka?

Wata Asabar bayan la'asar ina zaune a ɗan shagon da nake koya wa matasa harshen C na rubuta shirye-shiryen kwamfuta a wajen Ƙofar Ƙaura, sai ga wani ɗalibina da ke zuwa daga Daura duk ƙarshen mako ya shigo, fuskarsa ba walwala. Ya ajiye kalkuleta a gabana. TI-89 ce ta cikin kayan gwanjo, rubutun wasu maɓallanta duk ya goge. Allonta a ƙame, ko wane maɓalli ka danna shiru.

"Malam, mi ke faruwa ne? Jiya shirin nan lafiya lau ya yi aiki. Wallahi ko layi ɗaya ban taɓa ba. Na dai mayar da -O0 zuwa -Os don ya rage girma, shi ke nan ta tsaya cak. Ko in koma inda nike?"

Wannan tambayar ta ƙarshe ce ta sa ni wannan rubutu, domin duk wanda ya fara rubuta C don kalkuleta sai ya zo wannan mararraba. Ni matsayina a fili yake: idan shiri yana aiki a -O0 amma ya lalace a -Os, kusan kullum kuskuren yana cikin abin da ka rubuta, tacewar, wato gyaran da ake yi wa kod don ya ragu ko ya yi sauri, ta tona shi ne kawai. Komawa -O0 an gudu ne ba a tsira ba. Amma kowane mataki yana da ranarsa, kuma ya kamata mutum ya san abin da yake saye da abin da yake biya kafin ya zaɓa.

Kwamfaila ita ce manhajar da ke juya kod ɗinka na C zuwa umarnin da furosesa ke ganewa. Alamar -O kuwa ita ke gaya mata iyakar hankalin da ka yarda ta yi amfani da shi wajen juyawar. Ka ɗauka yaro ka aika kasuwa. A -O0 yaron ba ya ƙara komai nasa: ka ce ya sayo gishiri, ya je ya dawo, ka ce ya sayo magi, ya sake komawa, ko da a tebur ɗaya ake sayar da su. A -O2 yaron ya girma, zai saurari saƙon gaba ɗaya, ya haɗa tafiyar, ya bar abin da ya ga ba za a yi amfani da shi ba, burinsa ya dawo da wuri. A -Os wayon ɗaya ne, sai dai shi damuwarsa kada kayan su yi yawa. Yaron mai wayo yana aiki ne bisa yarda cewa duk abin da ka faɗa masa daidai ne bisa ƙa'idar harshen C. Ranar da ka faɗa masa maganar da ba ta kan ƙa'ida, wayon nasa ne zai kai shi inda ba ka aike shi ba.

Kalkuleta ba kwamfuta ba ce

A kan kwamfutar tebur mutane da yawa suna sa -O2 su manta, kuma ba su yi laifi ba. A kalkuleta lissafin ya sha bamban, kuma ya danganta da wadda ke hannunka.

TI-89 ta fito a 1998, ƙanwarta Titanium ta biyo baya a 2004. Furosesarsu Motorola 68000 ce, gudunta megahaz goma da 'yan kai, RAM ɗinta, wato ma'adanar aiki, kilobayit 256 wanda tsarin kalkuletar ya riga ya ci wani kaso. Ana rubuta mata C da TIGCC ko reshensa GCC4TI, waɗanda aka gina kan tsohuwar kwamfailar GCC ta jerin 4.1. Fayil ɗaya ba ya wuce kilobayit 64, kuma wasu sigogin jerin 2 na AMS, wato tsarin da ke tafiyar da kalkuletar, sun ƙara ƙuntata shirye-shiryen harshen inji, da farko zuwa kilobayit 8, daga baya 24. Ɗalibin nawa wannan katangar ta 24 ya kusa cin karo da ita, shi ya sa ya nemi rage girma tun farko.

TI-84 Plus CE ta 2015 tana da furosesar eZ80 da allo mai launi 320 da 240. Kayan aikin C da masu sha'awa suka haɗa mata yanzu sun dogara ne kan wata kwamfaila mai suna clang. Ita ma iyakar fayil ɗinta kilobayit 64 ce, sai dai a matse shirin. Wanda zai sayi ta hannu ya duba sigar tsarinta tun a wurin mai sayarwa, domin daga 2020 kamfanin Texas Instruments da ke ƙera ta ya rufe ƙofar shirye-shiryen C da na harshen inji a sababbin sigogi, sai an bi ta wata dabara mai suna arTIfiCE kafin su tashi.

Casio fx-CG50 kuwa, da 'yan uwanta na jerin fx-9860G, suna tafiya da furosesar SuperH. Ana gina musu shiri da kayan aiki masu suna fxSDK da gint a kan GCC ta zamani. CG50 tana da ma'adanar megabayit 16 kuma ta fi waɗancan biyun gudu nesa ba kusa ba, don haka ita kaɗai ce za ka iya ɗan sakin jiki da batun girma.

Abin lura a nan: duka ukun, idan ka buɗe sabon aiki ba ka taɓa komai ba, matakin rage girma za ka tarar. TIGCC da fxSDK suna zuwa da -Os, kayan CE suna zuwa da -Oz. Mutanen da suka shafe shekaru a kan waɗannan injuna ba su yi wannan zaɓi da ka ba.

Abin da -O0 ke bayarwa, da abin da yake ɓoyewa

Amfanin -O0 na gaske ne. Kowane layin da ka rubuta yana nan yadda ka rubuta shi, kowane gurbin ajiya yana zaune a ma'adana inda za ka iya leƙa shi. Idan kana bin shiri layi-layi a cikin manhajar kwaikwayo, TiEmu ga TI-89 ko CEmu ga CE, za ka ga abin yana tafiya bi da bi. Da zarar an kunna tacewa sai layuka su riƙa tsalle, ka nemi wani gurbi a ce maka babu shi, domin kwamfaila ta narkar da shi cikin rijista, wato ɗan wurin ajiya da ke cikin furosesar kanta, ko ta share shi. GCC ta kawo -Og a siga ta 4.8 a 2013 don ta raba gardama: tacewa kaɗan wadda ba ta hana bin sawu. Mai Casio yana da shi. Mai TIGCC ba shi da shi, kwamfailarsa ta girmi alamar.

Kuɗin da ake biya kuwa biyu ne a bayyane: shiri ya kumbura, kuma ya yi nauyin tafiya, tunda kowane ɗan lissafi sai an je ma'adana an ɗauko an mayar. Na ukun ba a ganinsa, kuma shi ya fi ci mini rai. -O0 yana rufa wa kurakurai asiri.

Da muka farfaɗo da kalkuletar yaron, wanda hakan ya share duk abin da bai adana a taskar dindindin ba, na ce ya nuna mini kod ɗin a laftof. Agogon gudu yake haɗawa don wani ɗan wasa. Ya rataya ƙaramin aiki a kan mai katse furosesa da ke bugawa kusan sau 20 a daƙiƙa, duk bugu ya ƙara ɗaya a kan wani gurbi. Babban shirin kuma yana jira:

int bugu = 0;
while (bugu < 20);

Na ce masa, "Dubi nan da kyau. A cikin wannan zagayen, wa ke canza bugu?"

Ya ce, "Mai katsewa mana, Malam."

"Kai ka san haka. Ita kwamfaila wa ya faɗa mata?"

Ya yi shiru. A idon kwamfaila babu abin da ke taɓa bugu a cikin zagayen, saboda haka ta karanta shi sau ɗaya, ta ga bai kai 20 ba, ta yanke cewa ba zai taɓa kaiwa ba. Kamar ka ce wa yaro ya riƙa leƙa maka ko mai shayi ya fito, ya leƙa sau ɗaya, daga nan duk tambayar da ka yi ya amsa daga zaune. A -O0 yaron yana tashi ya leƙa kowane lokaci, ba don ka umarce shi ba sai don bai iya komai ba sai hakan. Maganin kalma ɗaya ce, volatile, a gaban int, kalmar da ke nuna gurbin na lamba ne. Ma'anarta: wannan gurbin yana iya canzawa ta bayan fage, kullum ki je ki duba. Haka ake yi wa duk adireshin da ke haɗe da maɓallai, agogo ko allo. Na kuma nuna masa ya sa idle() a cikin zagayen don furosesa ta huta tsakanin bugu da bugu, domin batir huɗu ƙanana da TI-89 ke ci ba kyauta ake ba da su ba.

Ɗan uwan wannan kuskure shi ne zagayen ɓata lokaci, inda mutum zai sa shiri ya ƙirga daga sifili zuwa dubu talatin ba tare da yin komai ba don hoto ya daɗe a allo. Kwamfailar zamani tana ganin aikin banza ne ta share shi, sai wasa ya riƙa gudu kamar an koro shi. Ko da ba ta share shi ba, jinkirin da aka auna a kan wata kalkuleta ba zai yi daidai a wata ba. A yi amfani da agogon injin.

Sai gurbin da ba a ba shi ƙimar farko ba. Ka rubuta int jimla. Ka fara tarawa a kai ba ka sa sifili ba. A -O0 gurbin yana zaune a wani lungun ma'adana da wataƙila ya dace da sifili, sai lissafi ya yi ta fitowa daidai wata da watanni. A -Os an ɗora shi a rijista mai ɗauke da ragowar wani aiki, sai ka ga jimla ta fito da lambar da ba ta da asali. Wani abin da mutane ba su cika sani ba: gargaɗin GCC a kan irin wannan yakan fi kama laifi ne idan tacewa tana kunne, domin a lokacin ne take bin diddigin inda kowace ƙima ta fito. Wato wanda ya zauna a -O0 ya rufe bakin mai yi masa gargaɗi da hannunsa.

Wuce iyakar jeri ma haka yake. Jeri mai gurbi 16 ka rubuta a na 17. Abin da ke maƙwabtaka da jerin shi zai sha dukan. A wani mataki maƙwabcin fili ne da ba kowa, a wani matakin kuma adireshin komawa ne, sai kalkuleta ta faɗi. Babu tsarin kariya irin na kwamfuta da zai rufe shirin shi kaɗai ya bar saura lafiya.

Akwai wanda ya keɓanta da irin furosesar. Motorola 68000 ba ta yarda a karanta lamba mai bayit biyu ko huɗu daga adireshin da ba ya rabuwa biyu. Ana yin haka sai baƙin layi ya bayyana a saman allo da saƙon kuskuren adireshi. SuperH ta fi tsanani, lamba mai bayit huɗu sai adireshin da ke rabuwa huɗu. Ita eZ80 ba ruwanta. Idan ka ɗauki jerin char, mai bayit ɗai-ɗai, ka karanta shi da manunin short, wato adireshin da ke karanta bayit biyu-biyu, yana iya yin aiki yau don jerin ya dace da adireshi mai kyau. Gobe ka canza mataki, ko mai haɗa sassan TIGCC ya sake jera kaya don rage girma, jerin ya matsa da bayit ɗaya, shi ke nan.

Batun cikar lamba ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan kalkuletocin uku suka fi saɓawa. A TIGCC, int bit 16 ne, iyakarsa 32767. A CE bit 24 ne, iyakarsa 8388607. A Casio bit 32 ne, ya haura biliyan biyu. Ka ce kana lissafin kuɗin dako, buhu 40 kowanne naira 900. Amsa 36000 ce. Casio da CE za su ba ka ita. TI-89 mai int tana iya nuna maka -29536, kuma wannan ba ruwansa da matakin tacewa, long, wanda ya fi int faɗi, ya kamata ka sa tun farko. Inda tacewa ke shigowa shi ne lokacin da ka yi ƙoƙarin kama cikar bayan ta faru, misali ka rubuta cewa idan a + 100 ya gaza a to an cika. Ƙa'idar C ta ce cikar lamba mai alama abu ne da ba a fayyace sakamakonsa ba, don haka kwamfaila tana da izinin ɗauka cewa ba ya faruwa, ta share gwajin naka baki ɗaya. A gwada kafin a tara, ko a yi amfani da unsigned, wato lamba marar alama, inda ya dace. Alamar -fwrapv tana tilasta wa kwamfaila ta yarda lamba tana zagayowa, kuma tana da amfani ga tsohon kod da ba ka da lokacin gyarawa.

Biyu na ƙarshe in taƙaita. Wanda ke cusa harshen inji cikin C dole ya sanar da rijistocin da ya taɓa. A TIGCC an yarda aiki ya ɓata d0 zuwa d2 da a0 da a1, sauran kuwa dole ya mayar da su yadda ya same su. A -O0 ba a cika ajiye komai a cikinsu ba, don haka saɓa wannan ba ya nunawa sai an kunna tacewa. Sannan karanta ma'adana ɗaya da manuni iri biyu, kamar float da long, ya saɓa wa wata ƙa'ida da GCC ke dogara da ita a -O2 da -O3 da -Os. Hanyar tsira ita ce memcpy ko union, ko kuma alamar -fno-strict-aliasing. Ba abin kunya ba ne a sa ta, ita kanta zuciyar Linux da ita ake gina ta.

Tsakanin -Os da -O2

Wannan ce gardamar gaskiya, domin su biyun duka matakan aiki ne. Da farko a san cewa 'yan gida ɗaya ne: -Os yana kunna yawancin dabarun -O2, ya bar waɗanda ke ƙara girma, kamar cusa gurabun banza don daidaita farkon zagaye, ko kwafe jikin aiki a duk inda aka kira shi. Saboda haka kuskuren da -Os ya tona, -O2 ma yana iya tona shi. Wanda shirinsa ya faɗi a ɗaya ya koma ɗayan ya ga ya tashi, sa'a ce ya taka, ciwon yana nan.

A kan TI-89 ba ni da wata shakka, -Os. Motorola 68000 ba ta da ma'ajiyar wucin gadi ta kusa da furosesa, kowane umarni sai an ɗauko shi daga ma'adana, don haka gajeren kod sau da yawa shi ne kuma mai sauri, ko bambancin ya zama kaɗan. Abin da ke cinye lokaci a wannan furosesa sanannu ne: ninkawa tana iya kaiwa zagaye 70, rabawa wajen 140, kuma ninka long da long ma ba ta da umarni guda, sai an kira wani aiki. Wanda ya cire rabawa ɗaya daga tsakiyar zagayen zana hoto, ko ya mayar da long zuwa short inda lamba ba ta da girma, ya sami ribar da babu alamar -O da za ta ba shi. TIGCC tana kuma da nata zaɓuɓɓukan a wajen haɗa sassa: cire sassan da ba a kira ba, gajarta tsalle, haɗe ƙimomi masu kama da juna. A bar su a kunne, su ma suna rage kaya sosai, amma in ana farautar kuskure a tuna cewa su ma abin canzawa ne, a kashe su ɗaya bayan ɗaya a gani.

A kan CE, -Oz shi ne na gida. Ya fi -Os matsewa, yana yarda ya rasa ɗan gudu don ya rage ko bayit kaɗan ne. eZ80 tana da rijistoci 'yan kaɗan kuma ba ta da umarnin rabawa, don haka idan aka saki clang ta kwafe ayyuka ta warware zagaye a -O2 ko -O3, kod yana kumbura da sauri, kuma ba lallai gudun ya biya kumburin ba. A nan abin da ya fi tasiri shi ne zaɓen nau'in lamba: uint8_t ga ƙananan ƙirge, int na bit 24 ga saura, a guji bit 16 da 32 inda ba dole, domin furosesar ba ta jin daɗinsu.

Casio CG50 ce inda -O2 ke da hujja mai ƙarfi. Fili yana nan, furosesa tana da rijistoci da yawa, GCC ɗin ta zamani ce. Mai zana hoto mai motsi ko mai lissafi mai nauyi yana iya ganin bambanci. Duk da haka ba na cewa a sa shi a makance. Furosesar tana da ƙaramar ma'ajiyar kusa, kuma kod da ya kumbura ya fi ƙarfinta yana iya komawa baya. Gani ya kori ji: a gina sau biyu, a sa aikin ya maimaitu sau dubu, a auna da agogon waya a kan ainihin kalkuletar, domin manhajar kwaikwayo ba kullum take bin lokaci daidai ba.

Dabarar da na fi so ta haɗa biyun. A yawancin shirye-shirye wuri ɗaya ko biyu ne ke cin lokaci. A ware wannan aikin a fayil nasa, a gina shi da -O2, sauran duka su zauna a -Os. GCC daga 4.4 tana da hanyar canza mataki ga aiki guda a cikin fayil, amma TIGCC ba ta kai nan ba, kuma raba fayil ya fi tsabta ko a ina.

-O3 kuwa ban ga abin da zai kai shi kalkuleta ba sai an auna an tabbatar. Babban abin alfaharinsa a kwamfuta shi ne sarrafa lambobi da yawa a bugu ɗaya, kuma waɗannan furosesoci ba su da kayan yin hakan yadda GCC ke so. Saura kumburi. -Ofast ya fi wannan haɗari, domin yana ba kwamfaila izinin sake jera lissafin lambobi masu ɗigo da ɗauka cewa ba za a taɓa samun sakamako marar iyaka ba. Na'urar da sunanta na'urar lissafi, a ce an sassauta mata daidaiton lissafi, ban yarda da wannan ciniki ba. Balle ma a CE float da double duka bit 32 ne, daidaiton da ma lambobi shida zuwa bakwai ne kawai, ba shi da rarar da za a rage. A TIGCC kuwa lambobi masu ɗigo suna bin tsarin goma-goma na ita kalkuletar, ayyukan AMS ne ke lissafa su, don haka nauyinsu yana nan ko wane mataki ka sa.

In kuma laifin na kwamfaila ne fa?

Yana faruwa, ba zan ce ba ya faruwa ba. Kwamfailar da ke yi wa furosesar da mutane kaɗan ke amfani da ita aiki ba ta samun idanu masu yawa kamar ta kwamfutar tebur, kuma TIGCC ta daɗe ba a sabunta ta ba. Amma ita ce ta ƙarshe a jerin waɗanda ake tuhuma, kuma akwai hanyar kaiwa gare ta.

A fara da kunna -Wall da -Wextra tare da -Os, a karanta kowane gargaɗi, kada a bar ko ɗaya. Sannan a ɗauki sashen lissafin da bai shafi allo da maɓallai ba a gina shi a laftof da -fsanitize=address da -fsanitize=undefined, waɗanda GCC ta kawo a 2013 da 2014; suna kama wuce iyakar jeri da cikar lamba da adireshi marar daidaito, har su faɗi lambar layi. A dai tuna int na laftof bit 32 ne, don haka cikar da ke faruwa a bit 16 ba za ta bayyana a can ba, wannan sai da ido. Idan har yanzu ba a gani ba, a riƙa gina fayil ɗaya da -O0 saura da -Os har a gano fayil ɗin da ke da matsala, sannan aikin da ke cikinsa. A nan -O0 yake da babban amfani, fitila ce ta nema. In an rage abin ya koma layi goma ko ashirin, a sa -S a karanta harshen injin da ya fito. Idan kod ɗin yana kan ƙa'ida ta kowace fuska kuma abin da ya fito ya saɓa masa, to an kama kwamfaila da gaske. Mai fxSDK ko kayan CE ya kai rahoto ga masu kula da su tare da ɗan guntun kod ɗin. Mai TIGCC ya sake fasalin wannan aikin, ko ya bar fayil ɗin kaɗai a -O1, ya rubuta dalili a samansa don wanda zai zo bayansa.

Ɗalibin nawa ya sa volatile, muka sake ginawa da -Os, agogon ya fara ƙirgawa. Shirin ya sauko ƙasa da iyakar kilobayit 24 har da rara. Amma da na sa ya kunna -Wall sai gargaɗi biyu suka fito, ɗaya a kan gurbin maki da bai ba shi sifili ba. Muna cikin gyara wannan ne kuma ya lura da kansa cewa jerin sunan ɗan wasa gurbi 8 ya ba shi, alhali yana karɓar harafi 8, bai bar wurin sifilin da ke rufe rubutu ba.

"Malam, ashe wannan ma yana nan tun farko?"

Na ce, "Tun ranar da ka rubuta shi."

Ya mayar da shi 9, ya adana shirin a taskar dindindin kafin ya sake gwadawa. An fara kiran magariba lokacin da ya tura sabon fayil ɗin ta waya zuwa kalkuletar, ya buga wasan zagaye uku a tsaye, sannan ya sa ta aljihu ya yi sauri ya nufi tasha kada motar Daura ta cika.